Shagon Alhaji Mai Littafi: Tsada, Dogon Bayani, da Akun da Ba Za Ka Samu Ba

Masu kiwon tattabaru na unguwarmu sun rabu gida biyu a kan shagon nan. Wasu sun rantse ba su ƙara taka shi, wai mutumin ga tsada ga iyayi, ka je da kuɗinka ya tsaya yana karanta maka doka. Wasu kuma sun ce tun da suka koma saye a wajensa ba su sake wayar gari sun tarar da rabin ɗakin tattabarunsu a ƙasa ba. Ni ina cikin kashi na biyu, sai dai akwai wuraren da nake ganin bai kyauta ba, kuma zan faɗe su kamar yadda na faɗa masa a gabansa.

Shagon yana wani layi ne a bayan titin Gidan Zoo, nan Kano. Babu allon suna. Ka tambayi mai shayi ko mai facin bakin titi ka ce wajen Alhaji mai littafi kake nema, za a nuna maka. Littafin da ake nufi wata ƙatuwar rajista ce mai baƙin bango da ba ta barin kan teburinsa. Duk tsuntsun da ya shigo shagon sai an rubuta shi a ciki: wane iri ne, daga hannun wa ya fito, yaushe aka ƙyanƙyashe shi, an yi masa rigakafi ko ba a yi ba. Ranar da ya fita kuma a rubuta wanda ya saya. Tun ina ɗan firamare nake kiwon tattabaru, na sha yawon kasuwanni, ban taɓa ganin mai sayar da tsuntsu yana yin haka ba. Abin da aka saba shi ne a damƙo maka shi daga cikin kwando, a hure masa gashin ƙirji a ce duba ƙiba, ka biya ka yi gaba.

Gaban shagon kayan kiwo ne: buhunan gero da dawa da alkama, keji manya da ƙanana, kwanukan ruwa, da 'yar kantar magunguna. Tsuntsayen suna baya, a wata tsakar gida da aka rufe samanta da raga. Tattabaru su suka fi yawa, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Akwai masu buɗe wutsiya, akwai masu gashi har ƙafa, akwai masu kumbura ƙirji, akwai manyan nan da ake kiwo don nama, ga kuma namu na gida masu jure wahala. Bayan su akwai zabi, talo-talo, agwagi, kajin ado, dawisu, zomaye, da ƙananan tsuntsayen keji. Abu na farko da mai kiwo ke dubawa shi ne ƙasan keji da kwanon ruwa, ba launin gashi ba. Kashinsu a daskare yake, ruwan kuma ba shi da gansakuka. Idanunsu garau, babu mai ƙwantsa, babu wanda ya takure a kusurwa ya saki fukafukai.

A can ƙurya akwai wani ɗaki da yake kira ɗakin baƙi, kuma ba ya barin mai saye ya leƙa. Duk sabon tsuntsu a nan yake yin mako biyu ko fiye kafin ya haɗu da sauran. Ko ka ga hotonsa a WhatsApp ka zo da kuɗi a hannu, sai ya ce maka ka dawo. Wannan na daga cikin abin da ke fusata mutane, amma duk wanda ya yi kiwo a 2006 ya san dalili. A watan Fabrairun shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kafin ka ce kwabo ta iso gonakin Kano. Ta sake dawowa a farkon 2015. Ko ba ita ba, akwai cutar nan da ke murɗe wa tattabara wuya ta riƙa juyi tana kasa tsintar ƙwaya, wadda baƙo guda ɗaya kan shigo da ita ya gama da ɗaki. Saboda ɗakin baƙin nan kaɗai na yarda in biya ƙarin da yake ɗorawa.

Ƙarin kuwa ba kaɗan ba ne. Abin da za ka saya a kasuwa, a nan sai ka ƙara kusan rabin kuɗinsa. Kuma ba a ciniki. Ka taya, ya ce albarka, ya ci gaba da rubutunsa. Ba ya yi maka irin rakiyar nan ta "dawo, nawa za ka ƙara?" Wanda ya saba da daɗin ja-in-ja a kasuwa zai ji wurin ya yi masa lami.

Maganar doka ta fara ne ranar da na je da 'yata ta biyu. Ta ga aku a gidan ƙawarta yana amsa sallama, ta ɗaga mana hankali a gida. Da muka gaisa na ce, "Alhaji, aku muke so, ɗan ƙarami wanda zai tashi a hannunmu ya koyi magana."

Ya dubi yarinyar ya yi murmushi, ya ce, "Jikata, ke ce mai son aku?" Ta ce, "Ni ce, Baba." Sai ya juyo wajena. "Malam, ba na sayar da aku. Ba wai ya ƙare ba ne, ba na kawo shi. Kuma kada ka ce in nemo maka a bayan fage, masu yi suna nan da yawa, ni dai ban da ni."

Daga nan ya jawo wasu takardu daga cikin aljihun tebur, sun sha hannu har sun yi laushi. Kwafin dokar tarayya ce ta 1985, doka ta 11 ta zamanin soja, wadda ta shafi dabbobin da ke fuskantar ƙarewa da cinikinsu. Daga baya na nemi tawa na karanta a natse, kuma abin da ya faɗa haka yake. Dokar ta jera dabbobi a jadawali. Na jadawalin farko an haramta farautarsu da kama su da cinikinsu ɗungurungum. A nan ake samun zaki, damisa, manyan biran kurmi, ɗankunya wanda ake safarar ɓawonsa, da aku. Na jadawali na biyu kuma ba a taɓa su sai da lasisi, irin su jimina, gauraka, barewa da sauran birai. Tarar da aka sa tun asali ga mai laifin farko a jadawalin farko naira 1,000 ce. A 1985 kuɗi ne. Da tafiya ta yi tafiya ta zama abin dariya, har sai da aka yi wa dokar gyara a 2016 aka ɗaga tarar sosai.

Shekarar 2016 ɗin ce kuma ta canza wa aku matsayi a duniya. Akwai yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga. A taronta na Johannesburg a 2016 aka mayar da aku mai ruwan toka da jar wutsiya zuwa rukuni na ɗaya, ma'ana an rufe cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Mu a Arewa mun san aku a keji ne da cikin tatsuniya, shi ya sa ba ma tuna cewa ba tsuntsun dajinmu ba ne. Ɗan kurmi ne, daga Kuros Riba da yankin Neja Delta zuwa Kamaru da Kwango. Da danƙo ake kama shi, ko a hau bishiya a kwashe 'ya'yan daga kogo, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso kasuwa. A Ghana masu bincike sun gano cewa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar sun ɓace daga 1992 zuwa 'yan shekarun nan. Alhaji ya ƙara da wani abu da ya fi shiga kunnena a matsayina na uba: aku yana iya shekara 40 zuwa 60. Ya ce, "Malam, wannan yarinyar za ta yi aure ta bar maka shi. Kai kuma ka bar wa magada."

Na ce to ai akwai wanda ake ƙyanƙyashewa a gona. Ya ce akwai, Afirka ta Kudu ma ta yi suna a kai, amma irin wannan yana zuwa da zobe a ƙafa marar tsaga, wanda ake zura masa tun yana ɗan tsako, da lamba a jiki, da takardar da ta dace da lambar, da izinin shigowa. Ya ce duk wanda ya miƙo maka aku a cikin kwali ya ce "ɗan gida ne", ka dubi ƙafarsa. In babu zobe, ko zoben mai baki ne da aka matse da filaya, to an gama magana. Kuɗin na gaskiyar kuma ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa shagonsa, shi ya sa bai ɗora wa kansa ba.

Abin da muka dawo da shi gida shi ne 'yan ƙananan dangin aku guda biyu, 'yan asalin Ostireliya, ɗaya kore ɗaya shuɗi, waɗanda ake kira bajariga. A duk dangin aku na duniya, iri huɗu ne kacal ba sa cikin jerin CITES: bajariga, kokatil mai tukku, wani ɗan ƙarami mai jan fuska daga kudu maso yammacin Afirka, da tsiryarmu mai doguwar wutsiya. Ukun farko yana sayarwa, domin a keji ake haifarsu nan cikin gari, ya ma nuna min sunan mai kiwon a littafi. Ya ba mu rasit da ya rubuta irin tsuntsun da ranar ƙyanƙyasa. Suna nan lafiya, sun yi ƙwai har sun fasa. Magana dai ba su koya ba, sai surutunsu na asuba da uwargida ta ce da ta sani da ba ta goyi bayan 'yarta ba.

Wanda ya fi shan dogon bayani shi ne kawuna. Tsohon ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, ya gina gida mai faɗin tsakar gida a bayan gari, ya shuka ciyawa, ya ce saura abu ɗaya: gauraka. A zamanin ƙuruciyarsa, in ka shiga gidan attajiri ko basarake ka ga gauraka biyu suna taku a tsakar gida da tukkunsu mai ruwan zinariya, ka san ka shigo gidan da ya amsa sunansa. Wasu ma sun yi imani tana kore sharri. Ni na kai shi shagon, don na ce masa in ma akwai hanyar halal ta samu, a nan za a sani.

Suka gaisa irin ta manya, aka tambayi iyali, aka gano ma sun san mutane ɗaya a Fagge. Kawu ya faɗi buƙatarsa. Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da ka ga gauraka a fadama, ba a gidan mutum ba?" Kawu ya yi shiru yana lissafi, ya ce tun yana bin mahaifinsa fatauci ta wajen Nguru. Alhaji ya ce to shi ke nan. Gauraka ita ake ƙirgawa a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya. Da can garke-garke take a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, yanzu da ƙyar ake ganinta a dajin ƙasar nan. Ba ta cika haihuwa a tsakar gida ba, don haka kusan duk wadda ka gani a gidan wani, daga daji aka ɗauko ta, galibi ma daga ƙetaren iyaka, an kuma lalata mata fiffike don kada ta tashi. In ta mutu sai a sake aikawa a kamo wata.

Kawu ba mutum ne da ake ce wa a'a ba. Ya ce, "Alhaji, ni fa ba fita da ita waje zan yi ba. A gidana zan ajiye, in ba ta abinci, ta fi samun kulawa a kan daji." Alhaji ya ce ai ko ajiyewar ma da dokarta. Akwai dokar namun daji ta 1963 ta tsohuwar Jihar Arewa, wadda jihohinmu suka gada kowace ta yi mata nata gyaran, kuma a ƙarƙashinta wanda zai tsare dabbar daji mai kariya a gidansa sai ya nemi lasisi daga hukumar jiha. Ya ce, "Yallaɓai, ka kawo min takarda daga ma'aikata, ka kawo min shaidar inda aka haife ta, ni zan haɗa maka abincinta da kaina. Amma in aika daji a kamo maka, wannan ba zan yi ba." Kawu ya fita ransa a ɓace. A mota ya ce min mutumin nan ya yi boko ne ko kuwa tsoro ne ya yi masa yawa. Bayan kwana biyu ya aiko direba ya sayi dawisu biyu da zabi masu yawa.

A nan ne kuma na ga iyakar Alhaji. Ya san abin da aka hana, amma bai san hanyar abin da aka yarda da shi ba. Ka tambaye shi wane ofis ne ke ba da lasisin, wace takarda ake cikewa, nawa ake biya, amsarsa ɗaya ce: "Je ma'aikatar muhalli ka tambayi sashen gandun daji." Mutumin da ya iya zama ya yi maka rabin awa a kan taron Johannesburg ya kamata a ce ya taka da ƙafarsa sau ɗaya ya samo wa abokan cinikinsa wannan bayanin, ya liƙa a bango. Abin da ya iya faɗa daidai shi ne na tarayya: Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da takardun CITES, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke bin masu karya doka, sannan duk dabbar da za ta shigo ƙasa sai ta bi ta hannun hukumar killace dabbobi da tsirrai.

Na zauna a shagon sau da dama ina jiran a auna min gero, na ga irin abin da mutane ke zuwa nema. Kunkuru na kan gaba, babban nan na Sahel da ake ajiyewa a gidajen sarauta. Ana sayensa yana ɗan mitsitsi a ba yara su yi wasa, ba a tuna cewa shi ne na uku a girma a cikin kunkurun tudu na duniya, yana haƙa rami ya shige ƙarƙashin katanga, kuma yana iya wuce shekara 70. Tun 2000 CITES ta rufe fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki. Akwai masu neman 'yar barewa, akwai masu neman jimina. Jimina tana da tsohuwar daraja a wajenmu, takalmin gashinta na cikin kayan sarautar Kano, amma jiminar dajin Najeriya da Nijar da Chadi tana rukuni na ɗaya a yarjejeniyar. Masu cewa "ai daga Nijar aka kawo" su ma ba su tsira ba, don Nijar tana da tata dokar farauta da kare namun daji ta 1998.

Sai samari masu waya a hannu. Wani ya zo ya nuna masa bidiyon wani Balarabe da ɗan zaki a kujerar mota, ya ce ko nawa ne zai biya. Alhaji ya ce masa, "Yaro, can ɗin ma an hana." Gaskiya ya faɗa: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi doka a ƙarshen 2016 da ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane mallakar irin waɗannan dabbobi, kuma wanda ya fito da su bainar jama'a tararsa na iya kaiwa dirhami 500,000. Wata rana kuma wani ya shigo da ɗan jan biri a cikin buhu yana neman mai saye. Alhaji bai ko bari ya kwance bakin buhun sosai ba. Ya tambaye shi ina uwar. Mutumin ya fara kame-kame yana waige, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Ɗan biri ba ya sakin uwarsa tana da rai, kowa ya san yadda ake raba su. Kuma wanda ya saya, in birin ya balaga ya fara cizo, ƙarshensa sarƙa a gindin bishiya.

Mai karatu zai ce duk wannan doka a takarda take, kuma ba zan yi masa musu sosai ba. Gardawa suna yawo da kura da mesa a kasuwannin ƙauye da rana tsaka. Ban taɓa jin an ƙwanƙwasa gidan wani a unguwarmu an tambaye shi takardar aku ba. Inda abin ke cizo shi ne kan iyaka da filin jirgi. A ƙarshen Yulin 2025 jami'an kwastan sun kama tsuntsaye sama da 1,600 a filin jirgin saman Legas za a kai su Kuwait ba tare da takardun izini ba. A Disambar 2024 an tsinci jaririn goggon biri a cikin akwati a filin jirgin Istanbul, a kayan da suka taso daga Najeriya za su Tailan. Irin wannan abin kunya ne ya sa majalisa ta ɗauko sabon ƙudurin kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wanda Majalisar Dattawa ta amince da shi a Oktoban 2025, da hukunci mai tsanani fiye da na da. Alhaji yana bin labarin a rediyo. Ra'ayinsa shi ne ranar da za a fara kame, da masu shago za a fara, ba da masu gidan sama ba, kuma shi ya tsufa da kwanan ofishin 'yan sanda.

Tsuntsayen nan na Legas kuwa, tsirya ce da kanari. A nan ne ni da Alhaji muka saɓa, har yau ba mu daidaita ba. Ba ya sayar da tsirya, ya ce ta daji ce kamowa ake yi. Amma a bakin ƙofar shagonsa akwai kejin kanari jere, suna ta rera kuka. Na ce, "Alhaji, waɗannan fa? A littafinka wa ya ƙyanƙyashe su?" Ya ɗan yi jim, ya ce yara ne ke kawowa daga ƙauye, da kejin tarko suke kamawa. Na ce to me ya raba su da tsirya? Ya ce kanari ba ya cikin jadawalin da ke hannunsa, kuma tun kakanni tela da wanzami da mai kanti suke rataye shi a ƙofar shago, ba a ga ya ƙare ba. Na ce gauraka ma haka aka riƙa cewa. Ya ce, "Malam, in na bar kanari, da me zan biya haya?"

Na fahimci uzurinsa, amma ban karɓa ba. Mutumin da ya hana kawuna gauraka da hujjar cewa daga daji ake ɗauko ta bai kamata ya koma ya laɓe a bayan "ba ta cikin jadawali" ba idan aka zo kan abin da ke kawo masa ciniki kullum. Kuma shafin kanari a littafin nasa kusan fari ne, babu ranar ƙyanƙyasa, babu sunan mai kiwo. Abin da zan yaba shi ne bai yi min ƙarya ba, da ya ga dama sai ya ce 'yan gida ne. Su ma yana sa su a ɗakin baƙi kafin ya fito da su. Ni dai ba na saye, kuma wanda ya damu da asalin abin da zai kai gidansa ya sani cewa wannan layin na bakin ƙofa daban yake da sauran shagon.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Ɗakin gaba rufin kwano ne babu silin, a watan Afrilu ba ya zaunuwa, kuma a nan magungunan suke, alhali zafi yana kashe ƙarfin wasunsu. Na rigakafi dai yana cikin 'yar firij mai sola, na duba. Kejin dawisu ya yi musu kaɗan, jelar namijin har ta fara karyewa a jikin raga. Yaron shagon yana da ladabi amma bai san komai ba, in Alhaji ya tafi masallaci ko ɗaurin aure sai dai ka zauna jira, don ko farashi ba ya iya faɗa. Na taɓa sayen dawa na tarar da ƙwari a ciki, na mayar, ya canza min ba tare da musu ba. Layin kuma matsattse ne, mai mota gara ya ajiye ta a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa.

Ranar Asabar da hantsi likitan dabbobi yana zuwa, kuma duk wanda sunansa ke cikin littafi zai iya kawo tsuntsunsa a duba masa kyauta, magani kawai zai biya. Likitar mace ce mai haƙuri da tambaya. Ita ta ja min kunne cewa dangin aku suna iya ɗauke da wata cuta da ke kama huhun mutum ta hanyar ƙurar busasshen kashinsu, don haka a yayyafa ruwa kafin a share keji, kuma kada a rataye shi a ɗakin kwanan yara. Ta ce masu kunkuru a gida su ma su riƙa sa yara wanke hannu, saboda ƙwayar cutar gudawa da yake ɗauke da ita. Ba ta tambayar inda ka samo dabbarka kafin ta duba ta. Na ga an kawo mata aku da ya fige gashin ƙirjinsa tas saboda kaɗaici da cin gyaɗa zalla, ta rubuta wa mai shi abincin da zai riƙa ba shi, Alhaji na gefe yana ta girgiza kai bai ce uffan ba.

Wanda ke neman tattabaru na kirki, ko zabi da dawisu, ko ɗan tsuntsun keji da zai ba yara hankalinsa kwance, ya je, ya kuma tafi da haƙurin sauraro. Mai neman aku, gauraka, biri ko kunkuru kada ya ɓata man mashin ɗinsa. Ana buɗewa bayan ƙarfe tara na safe a rufe kafin magariba, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko daga masallaci. Yana karɓar tiransifa. Keji kuwa ka sayo naka a wajen masu walda ka zo da shi, domin nasa na waje ne, kuɗin ɗaya ya kusa sayen biyu, kuma ƙofarsu ba ta da ƙwari.